Launin Dare a Kan Dusar Ƙanƙara

Mai koyon ɗaukar hoto a ƙasashen sanyi, ran da aka kai shi ga darasin dusar ƙanƙara da dare, gyara biyu ake ɗora masa a zama ɗaya. Na farko shi ne yawan hasken da zai bari ya shiga kyamara, don kada dusar ta fito toka-toka, kada kuma ta ƙone ta zama fili fari fat babu komai a ciki. Na biyu shi ne daidaita fari, wato ya nuna wa kyamara abin da za ta riƙe a matsayin fari, don kada hoton ya rine da ruwan goro ko da shuɗi. Littattafai da malamai sun saba jera su kafaɗa da kafaɗa, suna kiran kowanne gyaran kuskure, har mutum ya tashi da zaton ciwo ɗaya ne mai magani ɗaya. Idan aka waiwayi shekaru 130 da aka yi ana wannan sana'a cikin sanyi da duhu, za a ga abin ba haka yake ba. Matsalar yawan haske kuskure ce ta gaske, ana iya auna ta, kuma ci gaban na'ura ya kusa kawar da ita, abin a yi murna. Matsalar launi kuwa hukunci ce da dole wani ya yanke, kuma abin da ya canja a 'yan shekarun nan shi ne mai hoto ya sakar wa na'ura wannan hukunci ba tare da ya ankara ba. Ina ganin an yi asara a nan, kuma asarar ta wuce ta ado.

A fara da abin da babu jayayya a kansa. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san abin da yake kallo ba. An gina shi ne bisa zaton cewa idan aka cakuɗa haske da duhun duk abin da ke gabansa, ruwan toka matsakaici za a samu, irin na katin nan da Kodak ya daɗe yana sayarwa, mai mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Wannan zato yana aiki a kan ciyawa da bango da taron jama'a. Sabuwar dusar ƙanƙara kuwa tana mayar da kashi 80 zuwa 90, sai ma'aunin ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage, dusar ta fito da datti-datti. Maganin da aka sani shi ne a ƙara mataki ɗaya zuwa biyu, kowane mataki kuwa ninka hasken ne sau biyu. Da dare lissafin yakan juye. Rabin hoton baƙin sama ne da bishiyoyi, sai ma'aunin ya ga duhu ya rinjaya ya buɗe ƙofa, hasken da ke gindin fitilar titi ya wuce ƙima. A nan ake rasa abin da ya sa aka fito cikin sanyin tun farko: sawun takalmi da siririyar inuwar da ke bakin kowane sawu, layin da tayar mota ta bari, ƙyalƙyalin ƙwayoyin da ke saman dusar, tudun da ya taru a kan benci har ya lanƙwaso ta gefe. Idan wurin ya ƙone babu abin da zai dawo da su, domin kyamara ba ta riƙe su ba sam. Wannan kuskure ne a wurin kowa, ɗan jarida ko mai fasaha, kuma babu wanda ya taɓa kare shi da sunan ɗanɗano.

Mutanen farko da suka fitar da kyamara cikin dare da wannan kaɗai suka yi fama. A 1896 Paul Martin ya ɗauki titunan Landan ƙarƙashin fitilun gas, yana barin kyamara a buɗe na tsawon mintuna, yana tare gilashinta duk lokacin da keken doki mai fitila zai gifta. Alfred Stieglitz, wanda a watan Fabrairu na 1893 ya tsaya awa uku cikin guguwar dusa a Niyok yana jiran keken doki ya zo inda yake so, ya fita cikin wani dare mai tsananin sanyi a 1898 ya ɗauki jerin bishiyoyi da dusa shimfiɗe a gindinsu. Duk baƙi da fari ne, don haka zancen launi bai taso ba. Wajen 1940 Ansel Adams da Fred Archer suka tsara hanyar da ta raba haske zuwa matakai daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, suka sa ruwan toka matsakaici a mataki na 5, dusar da ake ganin saƙarta a mataki na 8. Da wannan aka mayar da matsalar lissafi: ka auna dusar, ka san inda na'ura za ta ajiye ta, ka ɗaga ta zuwa inda ya dace. Shi kansa Adams bai tsaya ga lissafi ba. Shahararren hotonsa na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez da ke jihar New Mexico, mai duwatsu sanye da dusa daga nesa, da yamma ya ɗauke shi a watan Nuwamba na 1941, kuma shekara da shekaru yana ƙara wa saman duhu a ɗakin wanke hoto har ya koma kamar tsakar dare. Ya san bambancin abin da ake aunawa da abin da ake zaɓa, kuma bai ɓoye cewa shi ya zaɓa ba.

Fim mai launi ne ya haifi matsala ta biyu. Kodachrome ya fito a 1935, kuma tun daga nan masu hoto suka fara koyon cewa haske kansa yana da launi. Ana auna shi da ma'aunin Kelvin, inda ƙaramar lamba ke nufin haske mai ja-ja, babba kuma mai shuɗi-shuɗi: kyandir wajen 1,900, kwan lantarki irin na da 2,700 zuwa 3,200, hasken rana 5,500, inuwa ƙarƙashin sama garau 7,000 ko fiye. Ƙwaƙwalwar mutum tana sabawa da kowanne, fim kuwa ba ya sabo. Iri biyu ake sayarwa, na rana da aka daidaita a 5,500 da na kwan lantarki da aka daidaita a 3,200. Wanda ya fita da na rana ƙarƙashin kwan lantarki dole ya ɗaura wa gilashin shuɗiyar filta mai lamba 80A, wadda ke cinye mataki biyu na haske, wato daƙiƙa 15 ta koma minti ɗaya. Ga kuma wata lalura ta fim wadda masanin taurari Karl Schwarzschild ya fitar da lissafinta a ƙarshen ƙarni na 19: idan haske ya yi rauni lokaci ya yi tsawo, fim yakan gaji, ninka lokaci ba ya ninka sakamako. Fim mai launi shimfiɗa uku ne, kowacce da irin gajiyarta, shi ya sa launin ke karkacewa. Velvia na kamfanin Fujifilm, da ya fito a 1990, ya yi suna wajen karkata zuwa kore idan aka daɗe da buɗe kyamara. Mai hoto yana yanke duk wannan ne kafin ya danna, da yatsun da sanyi ya sandarar, kuma ba zai ga sakamakon ba sai bayan kwanaki idan an wanko. Babu mai hankalin da zai yi kewar wannan wahala. Amma ta tilasta masa abu ɗaya mai amfani, wato ya ɗaga kai ya gane wace irin fitila ce a samansa.

Gane fitilar kuwa shi ne ginshiƙin maganar, domin dusar ƙanƙara ba ta da wani launi nata da za ta tsoma a ciki. Tana mayar da ja da kore da shuɗi kusan daidai wa daida, saboda haka launin da aka gani a kanta na fitilar ne tsantsa. Kwalta tana haɗiye wajen kashi tara cikin goma na hasken da ya same ta, bango da ciyawa kuma suna rina shi da nasu launin. Daren da dusa ta sauka ne kaɗai gari ke nuna irin hasken da yake kwana a ciki. Kuma wannan haske ya sha canjawa. Bayan gas aka yi kwan lantarki, bayansa fitilar merkuri mai fari-shuɗi, sannan sodiyam. Irinta ta farko, mai ƙarancin matsi, ta bazu a Turai tun daga shekarun 1930, kuma kusan duk haskenta a zango ɗaya yake, nanomita 589, rawaya zalla. A ƙarƙashinta jar mota da shuɗiyar mota duk duhu ɗaya suke fitowa, kuma babu filta ko kwamfutar da za ta zaƙulo launin da hasken bai ɗauko ba. Iri ta biyu, mai yawan matsi, ta fito a shekarun 1960 da haske ruwan goro, wajen Kelvin 2,000, ta mamaye biranen Amurka da wasu ƙasashe da dama. Shikago ta koma gare ta a shekarun 1970, har birnin ya shahara da wannan launi ga mai kallonsa daga jirgin sama. Idan dusa ta sauka ga gajimare a sama, hasken yakan tashi daga ƙasa ya bugi gajimaren ya dawo, sama da ƙasa su rine gaba ɗaya. A 2019 wasu masu bincike biyu a Jamus, Andreas Jechow da Franz Hölker, suka wallafa awon da suka yi a wata unguwa ta bayan gari, inda suka tarar da cewa dusa da gajimare idan suka haɗu suna iya sa hasken saman ya zarce na cikakken wata. Duk wanda ya tashi a irin waɗannan birane a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, daren dusa da ya sani ruwan goro ne, kuma hotunan lokacin haka suka fito. A wancan zamani ana ganin launin a matsayin aibi, ana neman yadda za a rabu da shi.

Kyamarar zamani ta ba da hanyar rabuwar. Game da yawan haske, alherinta ba ya misaltuwa. Fim ɗin silaid ba ya ɗaukar abin da ya wuce mataki biyar ko shida tsakanin duhu da haske, kyamara mai kyau ta yau tana kaiwa wajen 14. Ga jadawalin haske a bayanta yana nuna wa mutum nan take ko dusar ta ƙone, ya rage ya sake. Ga fayil ɗin RAW, ɗanyen abin da kyamara ta karɓa kafin a dafa shi, wanda manhajar Camera Raw ta 2003 da Lightroom ta 2007 suka sa kowa zai iya sarrafawa a gida. A cikin wannan fayil ba a riga an yanke launin ba, ana iya juya shi daga baya ba tare da an ɓata komai ba. Sai aka samu wani ɗan maɓalli da ake dangwala wa duk abin da ake so ya zama fari, aka kuma koya wa ɗalibai su dangwala shi a kan dusa. A duba abin da ke faruwa a titi ɗaya na gaske. Fitilar sodiyam tana zuba ruwan goro a tsakiyar hanya, tagar shago tana jefo fari mai ɗan kore a gefen titi, fitilun wata mota sun yanko fari mai shuɗi, bayan shinge kuma inda babu fitilar da ta kai, hasken sama ne kaɗai ke taɓa dusar. Haske iri huɗu ke nan a kan abu ɗaya. Idan aka dangwala tsakiyar hanya, ta koma fara, sai kwamfuta ta tura komai zuwa shuɗi don ta cike giɓin: gaban shagon ya yi shuɗi, hasken motar ya yi shuɗi mai kauri, inuwar bayan shinge ta koma launin tawada, ga kuma gurzo-gurzo ya cika wuraren duhu domin an tilasta wa ɓangaren shuɗi, wanda da ma bai samu haske ba, ya ninka kansa. Idan aka dangwala gaban shagon, hanyar ta ci gaba da zama ruwan goro. Babu lamba ɗaya da za ta faranta dukkan dusar. Duk inda aka dangwala, an zaɓi fitila ɗaya an ce ita ce gaskiya.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi a yau shi ne fitilun da kansu suna tafiya. A 2013 Niyok ta sanar da cewa za ta mayar da fitilun titi 250,000 zuwa LED. Shikago ta fara nata a 2017 ta kammala a 2022, ta sauya sama da 270,000. Na farko-farkon da aka kafa a birane da yawa masu Kelvin 4,000 ne, har mutane suka yi kukan cewa sun yi fari da yawa, kuma a 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar kada a wuce 3,000. Kamfanin Philips ya daina ƙera fitilar sodiyam mai ƙarancin matsi a 2019. Akwai dalilai masu ƙarfi na wannan sauyi, musamman rage cin wuta, kuma ba su nake ƙalubalanta ba. Abin lura shi ne launin da aka ɗauka aibi ya zama shaida. Hoton daren dusa mai ruwan goro yana faɗin zamaninsa da bakinsa, kamar yadda irin motocin da ke cikinsa ke faɗa. Wanda aka goge launinsa a 2010 don ya yi tsabta, yau ba a iya bambanta shi da wanda aka ɗauka ƙarƙashin LED a bara.

Akwai masu cewa wannan duk tsawaitawa ce: dusa fara ce, ido ma fara yake ganinta, saboda haka mayar da ita fara shi ne riƙon amana. Hujjar tana da tushe, domin ƙwaƙwalwa tana cire launin haske daga launin abu, shi ya sa takarda ke zama fara a idonmu da rana da kuma ƙarƙashin kwan lantarki. Amma wannan sabo yana da iyaka, kuma fitilar sodiyam ta wuce iyakar. Wanda ya tsaya a ƙarƙashinta ya san dusar fara ce, kuma yana ganinta ruwan goro, duka a lokaci ɗaya. Saninsa daban, ganinsa daban. Ko da rana ma haka ne. Claude Monet ya zana wani shinge cikin dusa da tsuntsu a kan ƙofa tsakanin 1868 da 1869, ya sa inuwar dusar shuɗiya mai ɗan shunayya, alƙalan baje kolin Faris na 1869 suka ƙi karɓar zanen. Inuwar kuwa shuɗiya ce da gaske, tun da shuɗin sama ne kaɗai ke haskaka ta. Hasken wata ya fi rikitarwa. Hasken rana ne da ya bugi wata ya dawo, ya ragu kusan sau 400,000, kuma a ma'auni yana wajen Kelvin 4,100, wato ya fi hasken rana ja-ja. Amma a cikin duhu irin wannan ƙwayoyin ido masu gane launi suna hutawa, waɗanda suka karɓi aikin kuma sun fi jin shuɗi da kore, abin da Jan Purkinje ya lura da shi tun farkon ƙarni na 19. Don haka mutum yake ganin daren wata da shuɗi-shuɗi, alhali kyamarar da aka bari a buɗe za ta fito da fili kamar na rana tsaka, sai taurari a sama. To wanne ne amanar? Abin da na'ura ta auna, ko abin da ido ya gani, ko abin da hankali ya sani? Uku ne, kuma kowanne yana da gaskiyarsa. Mai cewa fari shi ne amana ya zaɓi na ukun ne kawai.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Ana cewa launukan fim ma ba gaskiya ba ne: fitilar merkuri da ido ke gani fari-shuɗi, fim kore yake fitar da ita, ruwan goron sodiyam kuma yakan fi na ido kauri, balle karkatar dogon buɗi. Me ya sa za a girmama kuskuren sinadari a raina gyaran kwamfuta? Na yarda da rabin farko gaba ɗaya. Fim bai taɓa zama alƙali mai adalci ba, kuma duk mai son mayar da shi ma'aunin gaskiya yana kewar ƙuruciyarsa ne kawai. Amma wannan hujja idan aka bi ta har ƙarshe, inda nake tsaye take sauka. Idan fim yana da karkatarsa, ido yana da tasa, kwamfuta ma tana da tata, to babu wani wuri tsaka-tsaki da za a koma a ce nan ne asali. Dole wani ya yanke. Tambayar da ta rage ita ce wane ne, kuma ko ya san yana yankewa.

A yau mafi yawan hotunan daren dusa waya ce ke ɗauka, kuma waya ce ke yankewa. A watan Nuwamba na 2018 Google ya fitar da Night Sight, wanda ke ɗaukar hotuna har 15 a jere ya haɗe su wuri ɗaya, Apple kuma ya biyo da nasa a iPhone 11 a 2019. Injiniyoyin Google sun yi bayanin aikinsu a fili, har suka kawo misalin dusa: kyamara ba ta da hanyar sanin ko dusar da ta gani shuɗiya ce da gaske ko kuwa fara ce da shuɗin sama ya haskaka. Yadda suka warware shi ne suka tara hotuna, mutane suka gyara launinsu da hannu, aka koya wa na'ura ta kwaikwayi gyaran. Ashe abin da ake kira daidaitawa ta atomatik ɗanɗanon wasu mutane ne da aka rarraba wa miliyoyin wayoyi. Ban ce ɗanɗanon mummuna ne ba, kuma masu cewa wannan fasaha ta buɗe wa kowa ƙofar da a da sai mai ƙafa-ukun kafa kyamara da kuɗin fim ke shiga, gaskiya suka faɗa. Ɗalibin da karatu ya kai Kanada ko Rasha, ya ga dusarsa ta farko da dare, yana iya tura wa mahaifiyarsa hoto mai kyau cikin daƙiƙa biyar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai mu 'yan Afirka mun fi kowa sanin cewa zaɓin da aka dasa a cikin na'ura ba ya rasa ɓangare. Duk mai hoton biki da ya ɗauki ango cikin farar babbar riga da dare, ga kwan janareta ga fitilar mai bidiyo, ya san wannan matsala farin sani: idan aka bi rigar fuska ta nutse, idan aka bi fuska aikin zaren rigar ya ƙone, launin kuma ya danganta da fitilar da kyamara ta ga dama ta bi. Shekaru da yawa ɗakunan wanke hoto suna daidaita injinansu da katin Kodak mai hoton mace farar fata, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai launin fata daban-daban. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa wayoyin Tecno suka karɓu a Afirka shi ne an daidaita kyamararsu don fuskar baƙar fata ta fito. Wanda ya san wannan tarihi bai kamata ya ɗauki hukuncin na'ura a kan launin dare a matsayin wanda ba a tambaya ba.

Saura masu cewa hoto fasaha ce, kowa ya yi launin da ransa ke so. Ba ni da ja da su. Edward Steichen ya ɗauki ginin Flatiron na Niyok da almuru a 1904, ya fitar da shi a launuka daban-daban da hannunsa, kuma babu wanda ya ce ya yi ƙarya. Mai son darensa shuɗi ya yi shuɗi. Inda abin ke da iyaka shi ne hoton labarai, kuma masu wannan sana'a sun ja layi: a 2015 gasar World Press Photo ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda taɓawar da ta wuce ƙa'ida, bayan an gwada su da ɗanyen fayilolinsu. Damuwata tana kan babban taron da ke tsakiya, waɗanda ba su zaɓi shuɗi ba, ba su zaɓi fari ba, an dai gaya musu cewa akwai kuskure kuma ga maɓallin gyara shi. Sakamakon shi ne daren dusa na Toronto da na Mosko da na Sapporo suna ta komawa hoto ɗaya: ƙasa fara tas, sama shuɗi, inuwa a buɗe kamar ana dab da fitowar rana.

Abin da nake ganin ya dace a aikace ba shi da wuya. Yawan haske a bi shi da tsanani: a kafa kyamara a kan ƙafa-uku, a auna dusar da ta fi haske wadda ake son saƙarta ta fito, a duba jadawali a tabbatar ba ta ƙone ba, a kuma bar duhu ya zama duhu, domin daren da aka buɗe dukkan inuwarsa ya daina zama dare. Kan fitilar kansa zai ƙone, babu laifi. Filasha tana mayar da dusar da ke sauka kusa da gilashi manyan ɗigo farare, dogon buɗi kuma yana mayar da ita zare-zare ko ya ɓatar da ita, sai mutum ya san wanda yake so. Launi kuwa a riƙe shi da hannu. A ɗauka a RAW, a tsayar da lamba ɗaya, misali tsakanin 3,200 da 4,000, don kada na'ura ta riƙa sauya ra'ayi daga hoto zuwa hoto, sannan a kalli wurin da ido sosai kafin a bar shi, a tuna yadda yake. Idan an zo gyara, a rage kaurin ruwan goron zuwa inda ido ya gan shi a tsaya nan, kada a kai shi fari. Sanyi dai bai canja ba tun zamanin Stieglitz: yana shanye batir da wuri, sai a ajiye na biyu a aljihun ciki, kuma kafin a shiga ɗaki mai ɗumi a rufe kyamara a cikin leda har ta saba, don kada raɓa ta kwanta a cikinta.

Ga masu tsofaffin silaid da nagatif a akwati, da masu ɗakunan adana hotuna da ke mayar da su cikin kwamfuta, roƙona shi ne a ajiye kwafi ɗaya yadda yake kafin a taɓa launin, domin manhajar sikana ma tana goge ruwan goro da kanta idan ba a hana ta ba. Wanda kuma ke zaune a garin da har yanzu akwai sauran titi mai fitilar sodiyam, daren da dusa ta sauka ya fita ya ɗauke shi da launinsa, ya rubuta sunan titin da kwanan wata. A Niyok da Shikago an riga an sauke mafi yawansu.